Sababbin Littattafai A Ɗakunan Karatunmu: Wa Aka Tuna, Wa Aka Manta?

Gabatarwa

A ɗakunan karatu na jama'a akan keɓe wata kanta ko wani tebur kusa da ƙofa, inda ake jera littattafan da suka shigo kwanan nan, a raba su gida biyu: na manya a gefe guda, na yara a ɗaya gefen. Mai wucewa zai ɗauka aikin ma'aikacin laburare ne kawai, ya buga hatimi, ya rubuta lamba, ya jera. Amma jerin nan hukunci ne irin na mai tarke. Wanda ya zaɓi littafi goma daga cikin ɗari ya riga ya ce waɗannan ne suka cancanci kuɗin jama'a da lokacinsu, sauran kuwa su jira. Wanda ya ɗora littafi a gefen yara ya yanke cewa hankalin yaro zai ɗauke shi, wanda ya mayar da shi gefen manya ya yanke akasin haka. Tun da hukunci ne, ya halatta a tarke shi kamar yadda ake tarken kowane hukunci na adabi.

Wannan maƙala za ta dubi ƙagaggun labaran Hausa da kan isa wannan kanta a ƙasar Hausa, da waɗanda ba sa isa. Za a duba rukuni uku: sabon bugu na tsofaffin littattafai, da ƙananan littattafan koyon karatu na yara, da labaran marubutan zamani na manya. Abin da maƙalar ke son tabbatarwa shi ne, rabon nan na gida biyu yana ɓoye wani wawakeken giɓi a tsakiya, wato matashin da ya wuce haɗa baƙi da wasali amma bai kai ga matsalolin gidan aure ba. A wannan giɓi ne Hausa ke asarar masu karatunta, domin yaron da aka koya wa karatu da harshensa, aka kuma rasa abin da za a miƙa masa yana ɗan shekara goma sha uku, da wuya ya dawo neman littafin Hausa yana ɗan talatin.

Sabo A Kanta, Tsoho A Duniya

Abu na farko da mai lura zai gani shi ne, galibin littattafan Hausa da ke shigowa laburare da sunan sababbi sabon bugu ne na tsofaffin ayyuka. A nan ake samun 'ya'yan gasar da Hukumar Talifi ta shirya a 1933 ƙarƙashin Rupert East, wato Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. A kusa da su akan ga Magana Jari Ce, wanda ya fara fitowa a 1937, da Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, kuma babu mai hankalin da zai yi baƙin cikin ganin waɗannan littattafai da sabon bango.

Abin lura game da su shi ne, ba a rubuta su da tunanin rabon manya da yara ba. A zamanin da aka wallafa su masu karatun boko 'yan ƙalilan ne, kuma littafi ɗaya ne zai ciyar da ɗan makarantar midil da malaminsa da magatakardan En'e. Wannan larura ta haifar da wata fasaha: littafi mai ƙofa biyu, yaro ya shiga ta ɗaya, babba ya shiga ta ɗayar, su haɗu a tsakar gida. Magana Jari Ce shi ne mafi bayyanar misali. A littafi na ɗaya aku yana ba Musa ɗan sarki labari bayan labari don ya hana shi fita ya faɗa tarkon wazirin da ke neman halaka shi. Yaro yana karantawa don daɗin wayo da wauta da ke cikin labaran. Babba kuwa yana ganin siyasar fada, da yadda amana ke ruɓewa a kusa da gadon sarauta. Zubin kansa darasi ne ga duk mai rubuta wa matasa, domin akun ba shi da sarƙa ko ƙofar da zai kulle. Makaminsa kawai shi ne labarin da ya fi sha'awar fita daɗi, kuma da ya tsaya yi wa Musa huɗuba da tuni yaron ya hau doki. Imam ya fahimci cewa nasiha ba ta isa zuciyar matashi sai labari ya goya ta.

Shaihu Umar ma haka yake. Yaro yana bin sawun ɗan da aka sace, aka ratsa Sahara da shi, ya zama malami. Babba kuwa hankalinsa na komawa kan uwar da ta bar gida neman ɗanta, ta faɗa bauta ita ma, ba ta riske shi ba sai da ƙarfinta ya ƙare. Shafuka kaɗan ne, jimlolin a natse suke, amma baƙin cikin da ke ƙarƙashinsu ya ishi mai furfura.

Duk da haka akwai abubuwa biyu da ya kamata a faɗa game da sabon bugun waɗannan ayyuka. Na farko, yawanci ana fito da su ne tsirara, babu gabatarwa, babu bayanin kalmomin da suka tsufa, wani lokaci ma da haruffan da suka dushe saboda an ɗauko hoton tsohon bugu. Littafin da aka rubuta shekara casa'in da suka wuce yana ɗauke da duniyar da yaron yau bai sani ba. Yadda Shaihu Umar ke ba da labarin bauta cikin sallamawa ga ƙaddara, da yadda Ganɗoki ke alfahari da takobi, da yadda dariyar Ruwan Bagaja kan faɗa a kan baƙauye da mai rauni, duk wurare ne da shafi biyu na bayani za su mayar da su abin tattaunawa a aji. Barin su haka ya sa ko dai yaro ya haɗiye su ba tauna, ko ya ajiye littafin. Na biyu, idan laburare ya ƙidaya sabon bugu cikin sababbin littattafai, yana iya ruɗin kansa cewa kantarsa a cike take, alhali bai ƙara ko murya ɗaya ba a kan waɗanda kakannin masu karatunsa suka ji. Yawancin waɗannan bugu ma jarrabawar kammala sakandare ce ke jawo su, kuma littafin da ɗalibi ya fara sani a matsayin abin haddacewa don amsa tambaya da wuya ya sake buɗe shi don nishaɗi.

Kantar Yara: An Koyi Karatu, Saura Abin Karantawa

A gefen yara ne aka fi samun abin da za a kira sabo da gaske. A 1977 manufar ilimi ta Nijeriya ta tanadi a koyar da yaro da harshen uwa ko na muhallinsa a shekarun farko na firamare, amma an daɗe ana fama da rashin kayan aiki. A 'yan shekarun nan shirye-shiryen koyon karatu da ƙungiyoyin ƙetare suka tallafa sun samar da littattafai masu yawa. Shirin Mu Karanta ya yi aiki a jihohin Bauchi da Sakkwato, shirin RANA kuma a Katsina da Zamfara. Akwai kuma African Storybook, wanda wata cibiya ta Afirka ta Kudu ta kafa, inda ake ajiye gajerun labarai masu hotuna a harsunan Afirka da dama har da Hausa, kowa yana da izinin ya sauke, ya buga, ya fassara.

Wajibi ne a yaba wa wannan rukuni a inda ya cancanta. An tsara su bisa mataki, daga baƙi da wasali zuwa gaɓa, daga gaɓa zuwa kalma, daga kalma zuwa jimla. Haruffansu manya ne, hotunansu masu launi, kuma ana kula da baƙaƙe masu lanƙwasa, abin da littattafan manya da yawa ba sa yi. Yaron da ya ga yarinya mai ɗankwali tana ɗibar ruwa a rijiya a cikin littafi ya samu tabbacin cewa rayuwarsa ma ta isa a rubuta. Sun ɗora a kan turbar da Ka Koyi Karatu da 'yan'uwansa suka share tun da daɗewa, sun kuma ƙara mata ƙa'idojin koyarwa na zamani.

Sai dai a ma'aunin adabi rauninsu a fili yake, kuma iri biyu ne. Na farko na harshe ne. Da yawa daga labaran da aka fassaro daga Ingilishi suna sanye da rigar Hausa, amma tafiyarsu ta baƙo ce. Jimla takan zo daidai a nahawu amma babu Bahaushen da zai furta ta haka a tsakar gida. Akan rasa ƙananan kalmomin nan da ke ba zance gishiri, irin su dai da fa da kuwa da ma, akan rasa amsa-kama irin su tsit da fat da tinjim, waɗanda su ne suka fi faranta wa yaro idan ana karanta masa da baki. Yaro yana gane baƙuwar Hausa tun kafin ya san sunan abin da ya dame shi, kuma abin da zai ɗauka shi ne Hausar littafi daban take da tasa. Laifin yana ga hanyar fassarar, domin aro tsohuwar al'ada ce a adabinmu. Masana irin su Ibrahim Malumfashi sun nuna yadda Imam ya ɗebo labaransa daga Dare Dubu Da Ɗaya da tatsuniyoyin Turai da wasu tushe na Gabas. Iliya Ɗan Maiƙarfi ma asalinsa gwarzon almarar Rashawa ne. Amma waɗannan marubuta baddalawa suka yi. Sun narkar da labarin, suka sake zuba shi a tukunyar gida, da sunaye da raha da karin magana na gida, har mai karatu bai ji ƙanshin baƙunta ba.

Rauni na biyu na jigo ne. Mafi yawan ƙananan labaran nan saƙo ne aka ɗinka wa labari: a wanke hannu, a je makaranta, a kwana cikin gidan sauro, a yi biyayya. Saƙonnin na gari ne, amma tauraron da ba ya kuskure, ba ya ƙeta, ba ya shiga haɗari, ba ya zama a zuciyar kowa. Al'adarmu ta baka ta fi wannan sanin halin yaro. Gizo maƙaryaci ne, mai haɗama, mai cin amanar Ƙoƙi, kuma saboda haka ne yara ke ƙaunarsa, suna koyon illar haɗama daga dariyar da suke yi masa idan dubunsa ta cika. Ibrahim Yaro Yahaya ya gane wannan sa'ad da ya tattara jerin Tatsuniyoyi Da Wasanni a farkon shekarun 1970, ya bar wa Gizo ƙetarsa. Umaru Dembo kuma a Tauraruwa Mai Wutsiya, wanda ya fito a 1969, ya ɗauki yaro Bahaushe, Kilba, ya kai shi sararin samaniya. Fiye da shekara hamsin bayan haka, yana da wuya a nuna wani sabon littafin yara na Hausa da ya yi irin wannan ƙarfin hali na ƙirƙira. Shirye-shiryen tallafi sun koya wa yaro yadda ake karatu, kuma iyakar alƙawarinsu ke nan. Samar da dalilin da zai sa yaron ya ci gaba da karatun aikin marubuta ne da maɗaba'u da ɗakunan karatu, kuma a nan ne aka yi sake.

Kantar Manya: Kasuwa Ta Cika, Laburare Ya Rame

Idan aka juya gefen manya sai a tarar da wani abin mamaki. Hausa tana cikin harsunan Afirka da aka fi rubuta ƙagaggun labarai da su, amma kantar laburare ba ta nuna haka ba. Bayan gasar kamfanin NNPC na Zariya da ta fito da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, da So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid, da Amadi Na Malam Amah na Magaji Ɗambatta a 1980, da kuma gasar gwamnatin tarayya da ta fito da irin su Turmin Danya da Ƙarshen Alewa Ƙasa a 1982, tattalin arziki ya karye, manyan maɗaba'u suka ja baya. Sai marubuta suka shiga buga wa kansu, musamman a Kano, suka kafa ƙungiyoyi irin su Raina Kama. Abin da aka yi wa laƙabi da Adabin Kasuwar Kano ya samar da littattafai masu ɗimbin yawa, da dama daga cikinsu daga alƙalamin mata, kuma ya haifar da doguwar muhawara a jaridu tsakanin masana irin su Malumfashi da Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu.

Waɗannan littattafai sun yi rayuwarsu a rumfunan kasuwa da shagunan haya da ɗakunan amare, ɗakunan karatu na hukuma kuwa suka riƙa kallonsu a kaikaice. Dalilan suna da yawa. Littafin da marubuci ya buga wa kansa sau da yawa ba shi da lambar rajista ta ƙasa da ƙasa, ba ya cikin jerin kowane dillalin da hukuma ke saye a hannunsa, takardarsa kuma ba ta jure hannaye da yawa. Dokar Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ta 1970 ta wajabta wa mai buga littafi ya ajiye kwafi uku, amma marubucin da ya haɗa kuɗin bugu da ƙyar bai cika bin wannan hanya ba. A kan wannan kuma aka ɗora zargin ɓata tarbiyya, wanda ya kai ga ƙona wasu littattafan a bainar jama'a a Kano a 2007 ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu.

Mai tarke na gaskiya ba zai musa raunin da ke cikin wannan adabi ba. Akwai rashin edita, da karya ƙa'idojin rubutu, da jan labari zuwa littafi na uku da na huɗu don ciniki, da ɓata shafuka wajen siffanta mota da falo da leshi. Amma hukunta rukuni gaba ɗaya saboda mafi rauninsa zalunci ne da ba a yi wa kowane adabi. A ɗauki Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu. Labarin Rabi ne, matar da mijinta Alhaji Abdu ya ƙuntata wa, ya auro wata, ya kore ta da 'ya'yanta, ta tashi ta riƙe gida da sana'ar abinci. Ƙarfin littafin yana cikin lissafinsa: kuɗin cefane, kuɗin makaranta, wa ya ci, wa ya kwana da yunwa. Marubuciyar ta nuna zalunci a cikin ƙwaryar tuwo, inda matan da ke karantawa suka fi saninsa. Ƙarshensa ma ba ya ba mai karatu sanyin da yake so, domin bayan duniya ta juya wa mijin baya, ita Rabin ce dangi suka matsa wa ta koma. Wannan ɗaci shi ne gaskiyar littafin. Aliyu Kamal ya fassara shi zuwa Ingilishi, wani kamfani a ƙasar Indiya mai suna Blaft ya buga shi a 2012, ya shiga manyan ɗakunan karatu na duniya da cikakkiyar rajista. Abin kunya ne a ce ɗalibi a wata nahiya ya fi samun sauƙin aron fassarar a kan yadda 'yar Kano za ta samu aron asalin.

Yau kuma kasuwar kanta ta ƙaura. Marubuta da yawa sun koma sakin labari kashi-kashi ta WhatsApp da Wattpad da makamantansu, masu karatu suna biya ta waya. Wannan ya faɗaɗa fage, amma ya ƙara nisa tsakanin rubutu da ajiya, domin labarin da ke yawo a waya yana iya ɓacewa ranar da aka rufe dandalin. A gefe guda, gasar Hikayata da sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 don mata marubuta ta nuna cewa idan aka sa iyaka ga tsawon labari, aka sa alƙalai, rubutun yakan tsattsafo da inganci. Labarin da ya fara lashe gasar, Sansani na Aisha Muhammad Sabitu, ya ɗauki rayuwar 'yan gudun hijira ne, abin da ke nuna cewa alƙalamin matan Hausa ya wuce inda masu suka suka tsayar da shi. Irin wannan rubutu ne ya kamata kantar sababbi ta riƙa farauta.

Giɓin Da Ke Tsakiya

Yanzu a tsaya tsakanin kantocin biyu a yi tunanin yarinya 'yar aji biyu na ƙaramar sakandare. Littafin hotuna ya yi mata kaɗan, ta wuce shi tun tuni. Labarin kishi da saki an ce ya fi ƙarfinta. Tsofaffin littattafai ta riga ta gamu da su a aji, da tambayoyin jarrabawa a bayansu. Me ya rage mata? Idan tana da Ingilishi mai ƙarfi za ta koma can, ta riƙa ɗaukar Hausa harshen hira kawai. Idan ba ta da shi, za ta karɓi duk abin da wayar yayarta ta kawo, ba zaɓi, ba tacewa. Hanin da aka yi don kare ta ya tura ta inda babu mai kula da ita ko kaɗan.

Abin takaicin shi ne, littattafan da suka dace da ita suna nan, rabon gida biyu ne ya ɓatar da su. Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat labarin yarinya ne, Abu, da aka cire daga makaranta aka aurar da ita ga dattijo, ta ƙi, ta nemi ilimi da kanta har ta tsaya da ƙafarta. Tauraruwar sa'ar mai karatun ce, matsalar kuma tata ce ko ta ƙawarta. So Aljannar Duniya, da jarumarsa Boɗaɗo wadda ta tsaya a kan zaɓin zuciyarta duk da bambancin asali, shi ma na wannan shekaru ne. Gandun Dabbobi, fassarar da Bala Abdullahi Funtuwa ya yi wa littafin George Orwell a 1975, yana da ƙofa biyun nan da aka ambata: labarin dabbobi ga ƙarami, darasin mulki ga wanda ya fara tambaya. Jiki Magayi, da labarin yadda ramuwar gayya ta cinye yaron da bai ji ba bai gani ba, zai ba 'yan shekara goma sha biyar abin muhawara na mako guda. Ana jefa irin waɗannan a gefen manya saboda suna maganar aure ko mutuwa ko mulki, kamar dai matashin ƙasar Hausa bai san waɗannan abubuwa ba sai ya gan su a takarda.

Akwai mai cewa iyaye suna da haƙƙin tsoro, kuma laburare na jama'a bai kamata ya saɓa wa tarbiyyar gida ba. Wannan magana tana da nauyi, ba a kuma watsar da ita. Akwai rubutun da batsa ce jarinsa, kuma babu mai neman a ɗora shi a gaban yara. Amma amsar tsoro ita ce a karanta a zaɓa. Bambanci ne babba tsakanin littafin da ke nuna mugun abu don a gane muninsa da wanda ke tallarsa, kuma ba a gane wannan bambanci daga hoton bango ko daga kalmar so a cikin suna. Sai an zauna an karanta. Ma'aikacin laburaren da ya karanta, ya ware, ya iya gaya wa uwa dalilin da ya sa ya ba 'yarta wannan littafi, ya fi kare tarbiyya a kan wanda ya kulle ƙofa ya bar yarinyar da waya.

Ma'aunin Zaɓe

Daga abin da ya gabata ana iya fitar da ma'aunin da ya kamata kantar sababbi ta bi. A fara da harshe: a karanta shafi ɗaya da babbar murya, idan kunnen Bahaushe bai yi tuntuɓe ba, littafin ya tsallake matakin farko. Sai a duba ko akwai abin da tauraron zai rasa idan ya faɗi, domin labarin da babu haɗari a cikinsa sanarwa ce. Sai a tambaya ko saƙon ya fito daga abin da ya faru, ko kuwa marubuci ne ya tsayar da labari ya hau mumbari. Daga nan a duba ƙa'idojin rubutu da ingancin bugu. Littafin da ya cika waɗannan ya cancanci kanta ko daga rumfar kasuwa ya fito, wanda ya gaza kuwa bai cancanta ba ko da tambarin babbar hukuma a bayansa.

Wannan yana buƙatar ɗakunan karatu irin su na Murtala Muhammad da ke Kano da takwarorinsa na sauran jihohi su riƙa zuwa inda littafi yake, su sayi na marubuta kai tsaye, su ɗinke su da bango mai ƙarfi, su nemi izinin buga fitattun labaran da ke yawo a waya. Yana buƙatar a waiwayi Nijar, inda maɗaba'a irin su Gashingo ta Yamai ke fitar da littattafai da harsunan ƙasa har da Hausa. Bambancin rubutun ƙasashen biyu ɗan kaɗan ne, bai kai ya hana yaron Katsina karanta abin da aka rubuta wa yaron Maraɗi ba. Sama da duka, yana buƙatar kanta ta uku mai sunan matasa, ko da da littafi ashirin za a fara. Kanta mai suna tana kiran marubuta, domin wanda ya ga wurin da aka tanada ya san akwai mai jiran abin da zai rubuta. Tarihin adabinmu ya tabbatar da haka: gasar 1933 da ta NNPC da ta 1982 da Hikayata duk sun nuna cewa duk lokacin da aka buɗe fage aka yi kira, marubutan Hausa suna amsawa. Gasa ta musamman don labaran matasa ita ce kiran da ya rage a yi da ƙarfi.

Kammalawa

An ga cewa kantar sababbin littattafai tana ɗauke da tsofaffin ayyuka masu daraja da aka sake bugawa ba tare da jagora ba, da littattafan yara masu kyan tsari amma masu ƙarancin rai, tana kuma rasa mafi yawan abin da marubutan zamani ke rubuta wa manya. An ga kuma cewa wanda ya fi cutuwa da wannan tsari shi ne matashi, wanda aka koya wa karatu aka bar shi a tsakiya. Gyaran ba ya buƙatar sabon gini. Yana buƙatar editocin da za su yi wa tsofaffin littattafai gabatarwa, da masu fassarar da za su koma makarantar Imam su koyi baddalawa, da ma'aikatan laburare masu karanta abin da suke jerawa, da malaman jami'a da za su ɗauki tarken littafin yara da na matasa da muhimmancin da suke ba waƙa da wasan kwaikwayo. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Shekarun da ke tsakanin goma sha biyu da goma sha bakwai su ne lokacin da mutum ke zama mai karatu na har abada ko ya bar littafi, kuma ɗalibai da marubutan da ke nazarin adabin Hausa a yau su ne ya wajaba su cika wannan kanta.